Ciwon haƙori: wanda zai iya kwana da wanda ba ya jira

A ɗauki mutum biyu. Na farko magidanci ne da ya kwana bai rintsa ba, hannu a kunci, yana kai-komo a tsakar gida har aka kira assalatu. Na biyu yaro ne ɗan shekara goma da ya faɗi a filin ƙwallo bayan an fita tara, haƙorinsa na gaba ya fita ɗungurungum. Ya yi kukansa, jinin ya tsaya, malami ya naɗe masa haƙorin a takarda ya ce ya kai wa babansa in an tashi. Da za a tambayi jama'a wa ya kamata a fara kaiwa asibiti, kusan kowa magidancin zai nuna. Likitan haƙori kuwa yaron zai fara kira. Magidancin yana shan azaba, amma haƙorinsa zai kai gobe yadda yake. Na yaron yana mutuwa ne a cikin takardar nan, kuma mintoci suka rage masa.

Akwai na uku da ba a ma sa shi a lissafi. Shi ciwonsa ya lafa tun makon jiya, har ya yi hamdala. Yau ya tashi da kumburi a ƙarƙashin haɓa, yawu na yi masa wuyar haɗiya, bakinsa ba ya buɗewa sosai. Wannan ya wuce maganar haƙori, ransa ake magana.

Matsalar ke nan da larurar baki: da zafi muke auna ta, alhali zafi mugun ma'auni ne a nan. Abin da ya kamata a tambaya shi ne lokaci nawa ya rage kafin ɓarnar ta zama wadda ba ta gyaruwa. Wata larurar mintoci gare ta, wata awanni, wata kwanaki.

Haƙorin da ya fita da saiwarsa

Mutane da yawa ba su san ana mayar da haƙori ya kama ba. Haƙori ba a kafe yake a ƙashin muƙamuƙi kamar ƙusa a jikin katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wani siririn tantani mai rai, ƙananan zarurruka ne birjik da suka ɗaure shi, su ne ma ke sa mutum ya gane tsakuwa ɗaya tak a cikin lomar shinkafa. Idan duka ko faɗuwa ta fizge haƙori, tantanin nan rabuwa yake yi biyu: wani ya tsaya cikin ramin, wani ya fito manne da saiwar. Muddin wanda ya fito yana da rai, in aka mayar da haƙorin sukan sake haɗewa. In ya bushe ya mutu, ko an mayar, ƙashi ne zai manne da saiwar kai tsaye, ya riƙa cin ta a hankali har haƙorin ya lalace bayan wasu shekaru.

Galibin abin da aka sani kan wannan ya samo asali ne daga aikin Jens Andreasen, wani likita ɗan ƙasar Denmak da ya shafe shekaru da dama yana bin diddigin haƙoran da aka mayar. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta sabunta a 2020 ta tsaya a kan lissafi mai sauƙi. Haƙorin da aka mayar nan take, ko cikin kamar minti 15, shi ya fi samun damar kamawa. Wanda ya wuce minti 60 a bushe, ana ɗaukar cewa tantaninsa ya mutu. A duba nisan da ke tsakanin yawancin makarantunmu da asibitin da ke da likitan haƙori, a haɗa da neman abin hawa da yankar kati, za a ga cewa wanda ke tsaye a wurin da abin ya faru shi ne likitan farko, ko ya so ko bai so ba.

Ga abin da zai yi. Ya fara duba yaron kansa: in ya suma, ko yana amai, ko yana magana ba kan gado, to a bar batun haƙori a nufi asibiti, domin buguwar kai ta fi shi. In lafiya lau yake, a nemo haƙorin a ɗauke shi ta kansa, wato farin ɓangaren da ake gani in an yi dariya. Kada yatsa ya taɓa saiwar. In ya kwashi ƙasa, a ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan gishirin asibiti. In babu ko ɗaya, a zuba masa ruwa mai tsabta na 'yan daƙiƙu kawai. Ba a goge shi, ba a kankare shi, ba a sa masa sabulu ko sifirit ko Dettol. Wannan ɗan naman da ke jikin saiwar, wanda ido ke gani kamar ƙazanta, shi ne abin da ake ƙoƙarin ceto. Sai a dubi haƙorin da ke gefensa don a gane gaba da baya, a zura saiwar cikin ramin, a tura a hankali har ya yi daidai da na kusa da shi. A ba yaron hankici mai tsabta ya ciza, a kama hanya.

Na san abin da mai karatu zai ce: wa ke da wannan ƙarfin halin, ga jini ga kuka? Gaskiya ne, ba kowa ba. In ba za a iya ba, aikin ya koma hana haƙorin bushewa. Madarar shanu sabuwa ko ta kwali ita aka fi sani. Nono mai tsami bai dace ba. Ruwan ORS, wato gishiri da sukarin da ake jiƙa wa yaro mai gudawa, yana cikin abubuwan da ƙa'idojin taimakon gaggawa na Amurka suka amince da su a 2020, kuma da wuya a rasa shi a kemis ɗin unguwa. In duk babu, yaron ya tofa yawunsa a kofi a jefa haƙorin ciki. Babba mai cikakken hankali zai iya ajiye shi a cikin kuncinsa, amma ba a yi wa ƙaramin yaro haka don kada ya haɗiye. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, wato ledar fiya-wata, shi ne bai kamata a jiƙa haƙorin a ciki ba. Ruwa zalla yana shiga ƙwayoyin tantanin su kumbura su fashe. Takarda da tishu da auduga kuwa tsotse danshin suke yi.

Ko an makara, a tafi da haƙorin. Likita yakan mayar da shi duk da haka, domin yana riƙe wa yaro gurbin da ƙashin wurin har ya girma a yi masa na dindindin. A asibiti za a ɗaure shi da na gefensa da siririyar waya na kimanin mako 2, a duba batun allurar tetanus tunda ya taɓa ƙasa, kuma in saiwar ta gama girma, akan cire jijiyar cikinsa a wanke a cike kafin mako biyun ya cika. Abinci mai laushi za a ci, kunu da fate da makamantansu, a bar rake da ƙashi da aya.

Duk wannan bayanin na haƙorin girma ne. Haƙorin yarinta, irin wanda ake famfara da shi, ba a mayar da shi ko kaɗan, saboda a ƙarƙashinsa na girma yake kwance yana haɗuwa, kuma tura na saman zai iya lalata shi. Yaro na da 20 na yarinta, babba na da 32. In yaron bai kai shekara 6 ba, kusan tabbas na yarinta ne ya fita. Na girma na gaba a sama sukan fito ne a shekara 7 zuwa 8, sun fi faɗi, kuma bakinsu yana da ɗan ƙaya-ƙaya lokacin da suke sababbi. Wani abin da ke ruɗa iyaye shi ne turmin farko na girma, wanda ke fitowa can ƙurya a wajen shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba. Sai ya ruɓe a ce ai zai yi famfara. Ba zai yi ba, shi ke nan nasa har tsufa.

In kuma aka nemi haƙorin aka rasa, kada a ce ƙasa ta cinye. Wani lokaci dukan cusa shi yake yi cikin dasashi, wani lokaci gutsurensa yana cikin leɓen da ya fashe, wani lokaci kuma an shaƙe shi ya faɗa hanyar numfashi. Tari ko sheshsheka bayan irin wannan faɗuwa dalili ne na zuwa asibiti a ɗauki hoto.

Ciwon da ke hana barci

Mu koma ga magidancin. Haƙori hawa uku ne. Na waje farin ɓawo ne wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba ya jin komai. Na tsakiya ya fi taushi, yana da ƙananan kafofi. Can ciki kuma akwai ɓargo, inda jijiyar ji da ta jini suke. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da muka bari, na shayi da lemon kwalba da alawa da biskit, suna fitar da tsami mai narkar da ɓawon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara da shekaru ramin na iya girma ba a ji ba. In ya kai hawa na biyu, sai a fara jin tsam in an sha ruwan sanyi ko an ci zaƙi, ya wuce nan da nan. A wannan matakin ciko kaɗai ya isa, kuma shi ne mafi araha.

In ya kai ɓargo labari ya sauya. Duk naman da ya kamu da ciwo kumbura yake yi, shi kuwa ɓargon haƙori a cikin akwatin da ba ya buɗewa yake. Kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiya. Shi ya sa ciwon ke bugawa kamar ganga, shi ya sa yake tashi ba tare da an ci komai ba, kuma shi ya sa ya fi tsanani da dare: in an kwanta jini ya fi taruwa a kai. Ƙara matashi ko kishingiɗa kan ɗan rage shi.

Abin da za a iya yi a gida kafin gari ya waye kaɗan ne, amma yana aiki. Babba mai lafiya zai iya shan farasitamol ƙwaya 2 masu nauyin miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Ibuprofen miligiram 400 bayan an ci abinci ya ma fi shi aiki a kan ciwon haƙori, kuma ana iya haɗa su biyun. Sai dai ibuprofen bai dace da mai gyambon ciki ba, ko mai ciwon ƙoda, ko mace mai juna biyu, ko mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa. Kuma ba a haɗa shi da diclofenac, dangi ɗaya ne, ciki da ƙoda ne za su biya. A nan haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda a wasu shaguna yake da haɗari, don mai sha bai san me ke ciki ba, yana iya shan farasitamol sau biyu da suna daban-daban, hanta kuwa ba ta yafe wannan. Yara da nauyinsu ake auna musu, kuma ba a ba su asfirin. A kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya mai rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cire abincin da ya maƙale a ramin a hankali.

Kanumfari gaskiya ne yana aiki. Yana da wani mai da ke kashe jin zafi na ɗan lokaci, kuma likitocin haƙori da kansu sun daɗe suna amfani da shi a cikin kayan cikonsu na wucin gadi. A ɗiga kaɗan a auduga a sa a ramin, kada ya malala kan dasashi don yana ƙuna. Nan alherin magungunan gida ya tsaya. Ɗora ƙwayar asfirin a gefen haƙori ba ya kai maganin ga jijiya, ƙone naman wurin kawai yake yi ya bar farin tabo mai raɗaɗi. Haka buɗe kafso a zazzaga garinsa a rami. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur ko fiya-fiya kuwa, ban ga laifin azabar da ta kai su ba, amma garin neman gira ake rasa ido: guba ce a wurin da jini ke gudana, kusa da maƙogwaro.

Sai batun tsutsa. Imani da cewa tsutsa ce ke cin haƙori ba namu ne mu kaɗai ba. An same shi rubuce a allunan yumɓu na mutanen Babila, Turawa ma sun riƙe shi ƙarni da ƙarni kafin likitoci irin su Pierre Fauchard na Faransa su yi watsi da shi a ƙarni na 18. Ba abin mamaki ba ne a yarda da shi, don ramin yana kama da na ɗan itacen da tsutsa ta shiga. Amma babu tsutsa a haƙori. Abin da mai turare ko mai ruwan kurkura ke nunawa a kwano, ko dai ɓawon 'ya'yan tsiron da ya ƙona ne, ko abin da ya zo da shi.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa, har a tsakanin masu ilimi, shi ne sayen Ampiclox ko Amoxil ko Flagyl duk lokacin da haƙori ya motsa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jini yake tafiya. Ɓargon da ya ruɓe jini ya daina isa gare shi, don haka maganin ba ya kaiwa inda cutar ta yi sansani. Yana iya danne kumburin da ke kewaye na ɗan lokaci, sai a ga kamar an warke, bayan wata biyu abin ya dawo, a sake saye. Magani na gaskiya biyu ne rak: a cire jijiyar a wanke ramin saiwa a cike, ko a cire haƙorin. Zaɓi tsakaninsu ya danganta da abin da ya rage na haƙorin da kuma aljihu, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya gaya wa likita ƙarfinsa.

Wani gargaɗi a gefe: ba duk ciwon muƙamuƙi ne na haƙori ba. Dattijo ko mai hawan jini ko mai ciwon suga da ya ji muƙamuƙinsa na ƙasa na ciwo tare da nauyin ƙirji da gumi da haki, musamman in ya yi tafiya ko ya hau bene, zuciyarsa za a duba, kuma nan take.

Idan ciwo ya yi shiru, kunci ya ɗauka

Ranar da ciwo mai tsanani ya ɗauke ɗif ba tare da an yi masa aiki ba, yawanci jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun ma samu gida babu mai gadi. Daga nan sai su bi ramin saiwa su fita ta ƙarshenta su shiga ƙashi, mugunya ta taru. Haƙorin sai a ji kamar ya fi sauran tsawo, ba ya taɓuwa. In an yi sa'a mugunyar ta ɓullo ta dasashi kamar ɗan ƙurji, tana tsiyaya tana rufewa. Wannan yana buƙatar likita cikin kwanaki.

In ba a yi sa'a ba, sai ta bi ta cikin nama. Turamen ƙasa na can ƙurya su ne abin tsoro, domin ƙarshen saiwarsu ya gangara ƙasa da naman da ya shimfiɗe ƙarƙashin harshe, don haka mugunyarsu wuya take nufa. Kumburin sai ya kama ƙarƙashin haɓa hagu da dama, ya yi tauri kamar katako, ya ɗaga harshe sama ya tura shi baya har ya toshe hanyar iska. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, shi ya siffanta wannan larura a 1836, har yau da sunansa ake kiran ta, kuma kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta fiye da rabin waɗanda ta kama ba sa tashi. Na sama kuma mugunyarsu kan hau wajen ido, daga can tana iya bin jijiyoyin jini ta kai ƙwaƙwalwa. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu ta wannan hanya a jihar Maryland ta Amurka, kusa da babban birnin ƙasar, saboda ruɓaɓɓen haƙorin da cire shi ba wani kuɗi ba ne. Abin ya girgiza ƙasar har majalisarsu ta zauna a kai.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: kumburin da ke ƙaruwa ido na gani, ko ya gangara wuya, ko ya fara rufe ido, zazzaɓi da rawar sanyi, baki ya ƙi buɗewa ya wuce faɗin yatsa biyu, wahalar haɗiya har yawu na dalala, murya ta sauya kamar mai magana da tuwo a baki, mutum ya kasa kwanciya sai a zaune saboda numfashi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa ko ƙarfe biyun dare ne, ba sai an jira asibitin haƙori ya buɗe ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin tiyatar baki da fuska. Mai ciwon suga, da mai juna biyu, da mai sikila, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, nasu ya fi saurin ta'azzara, don haka su tun kumburi na ƙarami za su tafi.

Kada a gasa kumburin da ruwan zafi, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a shafa abin da zai "nunar" da shi. Akwai kuma maganganu biyu da ke jinkirta mutane. Ɗaya ita ce wai ba a taɓa haƙori sai kumburi ya saɓe. Likita ne zai yanke wannan, kuma sau da yawa fitar da mugunya da cire haƙorin shi ne abin da zai saɓar da kumburin. Ta biyu wai mai ciki ba a yi mata aikin haƙori. Ana yi, allurar kashe zafin da ake yi a dasashi ba ta cutar da ciki, kuma mugunyar da aka bari ta fi aikin haɗari gare ta da abin da ke cikinta. Tsoron cewa cire haƙorin sama na makantarwa shi ma ba shi da tushe.

Jini, karaya da gocewa

Bayan an cire haƙori, jini yakan daskare ya cike ramin, wannan gudan jinin shi ne murfin da ciwon zai warke a ƙarƙashinsa. Yawan tofar da yawu da kurkure baki da leƙa wurin da harshe su ke tumɓuke shi. In jini ya dawo, a naɗe ƙyalle mai tsabta ya yi kauri, a ɗora daidai kan ramin, a ciza da ƙarfi minti 20 zuwa 30 a zaune, ba tare da ana cirewa ana dubawa ba. Jiƙaƙƙiyar jakar ganyen shayi ma tana taimakawa. Yawu mai ja-ja a ranar farko ba komai ba ne, ɗigon jini kaɗan ke rina yawu mai yawa. Amma in baki na cika da jini bayan an danna sau biyu, a koma asibiti. Mai shan maganin tsinka jini, ko wanda a danginsu akwai masu zubar jini ba tsayawa, ya faɗa tun kafin a taɓa shi. Kurkura da ruwan gishiri sai bayan awa 24. Wanda kuma ciwo mai tsanani da wari ya taso masa kwana 2 zuwa 4 bayan cirewa, gudan jinin ne ya fita ƙashi ya bayyana. Ya fi samun masu shan sigari, kuma likita na da abin da yake cusawa a ramin ya kwantar da shi.

Haƙorin da ya gutsure, a nemo gutsuren a sa a madara, sau da yawa ana manna shi. In an hango ɗigon ja a tsakiyar inda ya karye, ɓargo ne ya fito, a je a ranar. Wanda ya yi girgiɗi ko ya karkace, kada a yi ta taɓa shi. Hular haƙori da ta cire, har da haƙorin Makka, a ajiye ta a kai wa likita, kada a manna da sufa-gulu.

Bayan haɗarin babur ko duka, in mutum ya rufe baki ya ji haƙoransa ba sa haɗuwa yadda suka saba, ko leɓensa na ƙasa ya mutu, a ɗauka muƙamuƙi ya karye. A tallafe haɓa da ɗankwali ko rawani a ɗaure a ka sako-sako, yadda za a iya kwancewa in amai ya zo, a tafi. Wanda ya yi hamma bakinsa ya ƙi rufuwa, mahaɗar ce ta goce. Gyaranta ba ya ɗaukar lokaci a hannun wanda ya iya, kuma da wuri ya fi sauƙi. Marin da wasu ke cewa a yi masa ba gyara ba ne.

Dasashin ƙaramin yaro

Akwai larura ɗaya da ta fi shafar yankinmu, kuma farkonta bai fi kama da ƙaramin ciwon dasashi ba. Sunanta noma. Kalmar daga yaren Girka take, ba ruwanta da aikin gona. A ƙauyuka wasu kan ce ciwon iska, shi ya sa ake fara kai yaro wajen mai magani. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Dasashi ya yi ja yana jini, baki ya yi wari mai ƙarfi, yaro ya ƙi abinci yana dalalar da yawu, sai kunci ya kumbura, sai wani baƙin tabo ya bayyana a fata. Cikin kwanaki kaɗan naman ya zube ya bar rami a fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba suna rasuwa, kuma a Disambar 2023 ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa.

A nan, saɓanin ciwon haƙorin manya, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana aiki sosai, in an haɗa shi da wanke baki da abinci mai gina jiki, kuma in an fara tun ciwon yana dasashi. Wannan matakin ko ƙaramin asibitin karkara zai iya. A Sakkwato akwai asibiti na musamman na wannan cuta tun 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2014, ana jinya ana kuma yi wa waɗanda suka rayu tiyatar gyaran fuska. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles na karɓar irin waɗannan yara. Uwar da ɗanta ya rame, ya tashi daga ƙyanda, ta ji bakinsa na wari, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashin a cikin haske. In ta ga ja da jini ko gyambo, ranar za ta kai shi.